Ruwa da Lantarki a Hannu Ɗaya: Alhakin Ran Mai Wankin Mota

Duk mai bin hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi, ko mai karyawa ta hanyar Bunza inda Jami'ar Tarayya take, ya san wuraren wankin mota ba sa ɓuya. Rumfa ce ta kwano, da baƙin tankin roba bisa dakali, da daɓen siminti wanda ruwan kumfa ke kwaranya a kansa, sai matashi da ya naɗe ƙafar wando yana riƙe da bindigar feshi. Tun da aka kafa jami'ar a 2013, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo, ma'aikata masu motoci sun yawaita a wannan yanki. Ƙurar hunturu da taɓon damina kuwa ba sa barin mota ko babur ɗin ɗan kabu-kabu su yi mako guda da tsabtarsu. Sana'a ce ta halal, tana ci da gidaje, tana kuma ba matasa abin yi.

Cikin 'yan shekarun nan bokiti da tsumma sun ja baya, injin feshin ruwa mai ƙarfi ya karɓi aikin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, injin da ke shan mai ya zama nauyi ga mai ƙaramin jari, mai amfani da lantarki ya ƙara farin jini. Ma'aikata da dama ma sun saya sun ajiye a gida, domin wanke mota da tayil ɗin tsakar gida da darduma.

Ra'ayina a kan wannan inji shi ne: haɗarin da ke tattare da shi sananne ne, maganinsa sananne ne, kuma mai araha ne. Abin da ya hana a yi maganin shi ne, wanda ke da ikon kashe kuɗin daban yake da wanda ke tsaye cikin ruwan. Yaron da ke riƙe da bindigar bai sayi injin ba, bai ja wayar ba, ba a kuma shawarce shi wajen zaɓen soket ba. Saboda haka alhakin ransa yana wuyan mai wurin, da maigidan da ya miƙa wa direbansa ko maigadinsa injin, da mu da muke zama a inuwa muna latsa waya ana wanke mana mota.

Abin da ke cikin injin

Injin ba shi da sarƙaƙiya. Mota ce ta lantarki ke juya famfo, famfon ya matsa ruwa ya tura shi cikin mesa mai kauri, ruwan ya fita ta ɗan ƙaramin rami a bakin bindiga. Wani injiniya Bajamushe, Alfred Kärcher, shi ya ƙera irinsa na farko mai ruwan zafi a Turai a 1950, kuma har yau sunansa na kan injuna masu launin rawaya da ake sayarwa a kasuwanninmu, tare da ɗimbin waɗanda ake shigowa da su daga Sin.

Ana auna ƙarfin matsin da ma'aunin da ake kira ba, wanda ake rubutawa a jikin injin. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 zuwa 2.5 ba. Injin wanki na gida kuwa yakan ba da ba 110 zuwa 150, wato kimanin ninki hamsin na matsin taya. Ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba, lita 6 zuwa 8 ne a minti ɗaya, shi ya sa ya dace da wurin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ko ake jiran rijiyar burtsatse ta cika tanki. Wutar da yake ja kuwa ba kaɗan ba ce: wat 1,400 zuwa 2,100, daidai da dutsen guga mai ƙarfi ko hitar dafa ruwa.

Ke nan mutum ɗaya yana riƙe da abubuwa biyu masu iya illata shi a lokaci guda. Na farko lantarki mai ƙarfin bolt 230 da ke kewaya cikin akwatin da ruwa ke bi ta cikinsa. Na biyu ruwan kansa, wanda ƙarfinsa ya isa ya huda fata.

Lissafin da ya kamata kowane mai wurin wanki ya sani

Abin da ke kashe mutum idan wuta ta ja shi shi ne yawan lantarkin da ya ratsa jikinsa, musamman ta ƙirji. Ana auna wannan da amfiya, kuma adadin da ke kisa ƙanƙane ne har sai an raba amfiya ɗaya gida dubu, a kira kowane kashi miliamfiya. Jiki yakan fara jin tsikari a miliamfiya 1. Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya shafe shekaru yana gwaji a kan wannan, ya gano cewa a wajen miliamfiya 16 tsokar hannun namiji takan ƙanƙame, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Ga mace adadin ya yi kusa da 10. Daga miliamfiya 50 zuwa 100, idan abin ya ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu, zuciya na iya rikicewa ta koma karkarwa maimakon bugawa. Daga nan mintoci kaɗan suka rage.

Busasshiyar fata garkuwa ce. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ƙiyasta cewa turjiyar busasshen jiki ga lantarki na iya kai om 100,000, amma jiƙaƙƙen jiki yakan sauko zuwa om 1,000. Raba bolt 230 da 1,000, za ka sami miliamfiya 230. Wannan shi ne abin da zai iya ratsa yaron da ke tsaye ba takalmi cikin ruwan omo, hannuwansa biyu a kan bindiga, ranar da wuta ta zubo wa jikin injin. Ya ninka abin da ke tsayar da zuciya fiye da sau biyu.

A nan ne mutane da yawa, har da masu ilimi, suke da rashin fahimta. Sukan ce ai akwai fis a filogi, akwai bireka a allon wuta. Fis ɗin filogi na amfiya 13 ne, wato miliamfiya 13,000. An yi shi ne domin kada waya ta yi zafi ta kama da wuta. Miliamfiya 230 da ke bin jikin mutum zuwa ƙasa ba za su ko motsa shi ba. Mutum zai mutu, fis yana nan lafiya lau, injin ma yana ci gaba da kuka.

Inda bango ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wuraren wanki tsagar takan kasance a wuri huɗu.

Na farko filogi. Yawancin injunan da ke zuwa mana an yi su ne domin kasuwar Turai, da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu. Soket ɗinmu kuwa mai rami uku ne irin na Ingila. Kowa ya san dabarar: a cusa tsinke ko murfin biro a ramin sama, a danna ƙafa biyun a ƙasa. Injin zai tashi. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, irin wannan filogi yana da wasu ƙarafa a gefensa, kuma su ne hanyar wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke kira atin. A soket ɗinmu waɗannan ƙarafa ba sa taɓa komai. An yanke hanyar da wutar da ta ɓalle za ta bi ta nutse a ƙasa, an bar mata hanya ɗaya tak, jikin mai aiki. Gyaran na minti goma ne: a yanke filogin, a sa mai ƙafa uku na amfiya 13, wayar mai launin kore da rawaya ta tafi ƙafar sama. Wasu injunan suna ɗauke da alamar murabba'i cikin murabba'i, ma'ana an ninka musu rufi kuma ba su da wayar ƙasa. Su ma suna buƙatar filogin da ya zauna daram.

Na biyu, ramin sama na soket ɗin kansa. A gine-gine da rumfuna da yawa waya biyu kawai aka ja, na ukun ado ne. A wasu an ja wayar, amma sandar tagullar da aka binne ta ruɓe, ko tana zaune cikin busasshen rairayi. Ƙasarmu takan bushe ƙayau daga Nuwamba har zuwa Mayu, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar lantarki yadda damshi ke karɓa. Ba a gane lafiyar atin da ido, sai da na'urar awo.

Na uku wayar jawo wuta. Za ka ga siririyar wayar fanka an haɗa ta da wata, an naɗe mahaɗin da salatif ko leda, tana kwance cikin kwatar ruwa, motoci na taka ta. Littattafan da ke zuwa da injunan Kärcher sun faɗi abin da ake buƙata dalla-dalla: kaurin waya milimita murabba'i 1.5 idan tsawonta bai wuce mita 10 ba, 2.5 idan ta kai mita 30, a kuma warware ta gaba ɗaya daga naɗinta domin kada ta yi zafi. Mahaɗi kuwa a ɗage shi sama, nesa da inda feshi ke kaiwa.

Na huɗu ƙarfin wutar. Idan wutar Kaduna Electric ta zo da rauni, ko aka ɗora injin a kan ƙaramin janaretan shago da bai kai wat 1,000 ba, motar injin takan yi gurnani ta kasa juyawa sosai, ta yi zafi. Zafin nan yana cin rufin wayoyin da ke ciki sannu a hankali, har ranar da waya tsirara za ta taɓa ƙarfe. Haka abin yake ga injunan da ake haɗawa a gida, inda ake ɗaure motar lantarki da famfon feshi a kan firam ɗin ƙarfe a haɗa su da bel. Suna da ƙarfi da juriya, amma firam ɗin nan dole a ɗaure shi da wayar ƙasa, bel ɗin kuma a rufe shi.

Na'urar da ke tsayawa tsakanin yaro da mutuwa

Shi dai Farfesa Dalziel, a 1961, ya ƙirƙiro na'urar da ke magance wannan matsala, kuma irinta ce ake sayarwa yau a shagunan kayan wuta da sunan RCD ko RCCB. Masu gyara da yawa suna ce mata ELCB. Aikinta kamar na mai ƙirga awaki ne a bakin garke. Tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan sun yi daidai, lafiya. Idan wadda ta dawo ta gaza, to wani abu ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke wutar cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, idan zubar ta yi yawa ma cikin kashi 40 na dubun daƙiƙa. Mutum zai ji jan, ya firgita, amma galibi zai rayu.

A duba jikinta kafin a saya. Wadda ke kare rai ita ce mai rubutun 30mA. Masu rubutun 100mA ko 300mA an yi su ne domin hana gobara. Tana da maɓallin gwaji, kuma a wurin da ake aiki da ruwa kullum ya kamata a danna shi kowace safiya kafin a fara; idan wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu. Amma maɓallin yana gwada na'urar ce kawai, ba ya tabbatar da lafiyar atin. A kan janareta kuwa sai ƙwararren mai gyara ya haɗa ta yadda ya kamata, domin ƙananan janareta da yawa ba a ɗaure wayarsu ta dawowa da ƙasa ba, kuma a haka na'urar na iya zama ba ta ganin komai.

A Amurka injin feshi yakan zo da irin wannan kariya a jikin wayarsa tun daga masana'anta. Na Turai ba sa zuwa da ita, domin an ɗauka cewa gidan da za a kai su yana da ita a allon wutarsa. Littafin injin yakan ce a yi amfani da mai 30mA. Mu kuwa mun sayo injin da aka ƙera bisa wannan zato, muka jona shi a rumfar da ba ta da ko atin. Kuɗin na'urar bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

Raunin da ido ke rainawa

Haɗari na biyu ba ya buƙatar wata waya ta lalace. Likitocin tiyatar hannu sun daɗe da sanin cewa matsin da bai wuce ba 7 ba yana iya huda fata idan bakin feshin yana kusa. Injin wanki ya ninka wannan sau goma sha biyar ko fiye. Yaro ya ga taɓo a ƙafarsa ya juya bindiga ya wanke, ko ya sa yatsa ya share bakin da ya toshe, ko abokin aiki ya fesa masa da wasa. Abin da za a gani ɗigo ne kamar cizon sauro. A ciki kuwa ruwa ya kutsa tsakanin tsoka da jijiya, ɗauke da yashi da baƙin mai da sabulu da ƙwayoyin cuta. Bayan awanni wurin ya kumbura, jini ya kasa kaiwa, nama ya fara mutuwa. Irin wannan rauni na asibiti ne nan take, a Kalgo ko asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa injin feshi ne ya yi shi, domin ƙanƙantar bakin raunin tana yaudarar ido. Shafa man birki ko ɗaure wurin da tsumma ɓata lokaci ne da zai iya jawo asarar yatsa.

Kawunan feshi da ake sauyawa suna da launi, kuma launin magana ce. Ja yana fitar da ruwa a tsaye kamar allura, ba shi da wurin zama a wankin mota. Rawaya yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu ne. Kore da fari sun wadatar. A bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakanin bakin bindiga da fenti ko taya, domin feshin kusa yana raunana gefen taya ta yadda ba za a gani ba sai a kan hanyar Jega ana gudu. Ga masu babur, feshi kai tsaye a kan boris da sarƙa yana kore giris ya bar ruwa a ciki.

Tsarin tashi da tsarin tsayawa

Ruwa ake fara buɗewa kafin wuta. A haɗa mesa, a tabbatar da matatar da ke bakin shigar ruwa tana nan kuma a wanke take, domin ruwan burtsatse da na rijiyar fadama yana zuwa da yashi, yashi kuwa shi ke cinye famfo. A danna kunamar bindiga har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai, sannan a jona filogi da busasshen hannu a kunna. Famfon da ya juya babu ruwa yakan ƙone robobinsa cikin ɗan lokaci. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: yawancin injunan gida ba a yi su domin ruwan da ya wuce digiri 40 ba, baƙin tanki da doguwar mesa da suka wuni cikin ranar Afrilu ta Kebbi kuwa suna iya kai ruwa wannan matsayi. A yi wa tanki inuwa.

Mai aiki ya sa takalmin roba mai dogon wuya da tabarau, ya riƙe bindiga da hannu biyu, kada ya ɗaure kunama da roba don hannunsa ya huta. Kada a fesa wa injin kansa ruwa, ko soket, ko mitar wuta. Janareta ya zauna a fili nesa da rumfa, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Idan an gama, a kashe injin, a rufe ruwa, a danna kunama har matsin da ya rage cikin mesa ya fita, a sa makullinta, a cire filogi. Injin da aka kashe ba a sauke matsinsa ba yana nan da harsashi ɗaya a ciki, kuma yara ƙanana ne suka fi ɗaukarsa.

Hujjojin masu ja

Mai wurin wanki zai ce shekararsa biyar yana aiki haka ba abin da ya faru. Gaskiya ne, kuma ina fata ya ƙara hamsin. Amma a tambayi yaransa ko injin yana ɗan jan su wani lokaci. Idan suka ce yana yi, har sun saba suna naɗa leda a hannun bindigar, to abin ya riga ya fara faruwa. Wannan ɗan jan sanarwa ce cewa rufi ya fara lalacewa, abin da ya rage kawai ranar da ƙafa za ta fi jiƙa ko tsagar ta ƙara buɗewa.

Wani zai ce ya taɓa sa na'urar, ta dame shi da yanke wuta, ya cire ta. Na'ura marar inganci na iya yin haka, shi ya sa ake neman ta kirki. Amma a mafi yawan lokuta yankewar tana nufin akwai wutar da ke zuba a wani wuri, cikin jiƙaƙƙen mahaɗi ko cikin motar injin. Cire ta daidai yake da kashe karen da ya yi haushi don ɓarawo ya shigo.

Akwai masu cewa matsa wa ƙananan masu sana'a da dokoki zai rufe wuraren, matasa su rasa abinci. Wannan hujja tana da nauyi, domin mun san yadda dubawar jami'ai ke rikiɗewa ta zama hanyar karɓar na goro. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai a rufe ko rumfa ɗaya ba: filogi, sandar atin, waya mai kauri, na'ura ɗaya, takalman roba. Wanda ya iya sayen injin da tanki da siminti zai iya sayen waɗannan. Rashin sani ya fi rashin kuɗi yawa a wannan lamari.

Sai kuma maganar ƙaddara, wadda ake rufe kowace ta'aziyya da ita. Babu mai jayayya cewa kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma mutumin da ke faɗin haka shi ne yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, yake kuma sa wa motarsa birki sabo. Wanda bai bar dukiyarsa ga ƙaddara ba, bai kamata ya bar ran ɗan wani gare ta ba.

Wanda ya kamata ya motsa

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikaci nauyin raunin da ya samu a bakin aiki, ta hanyar asusun NSITF. Hukumar NEMSA, da aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin duba ingancin wayarin da ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Amma duk wanda ya san yadda abubuwa ke tafiya ya san babu sufeton da zai taso daga Abuja domin rumfar wanki a mahaɗar Kalgo. Maganin yana kusa da gida.

Ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin shiga daga masu sana'a. Tana iya sa sharaɗi ɗaya kafin ta ba wurin wanki rasit na shekara, wato takardar mai gyaran wuta mai shaida cewa akwai atin mai aiki da na'urar 30mA. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana koyar da injiniyancin lantarki. Ɗalibanta da malamansu za su iya zagaya wuraren wanki da na'urar awo a matsayin aikin koyo, su amfana, gari ya amfana. Masu sayar da injin za su iya sauya filogi kafin ya bar shago, su sayar da na'urar tare da shi. Shugabannin masu sana'ar kuwa maganarsu ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen mambobinsu.

Kowane wurin wanki kuma ya kamata a ce akwai wanda ya san abin yi idan wuta ta kama mutum. Kada a taɓa shi. A kashe wutar daga tushe, ko a ture wayar da busasshen itace ana tsaye a busasshen wuri. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a isa asibiti. Ɗura wa wanda ya suma madara ba ya tayar da zuciya, yana iya ma shaƙe shi. Wanda ya farfaɗo shi ma a kai shi a duba bugun zuciyarsa.

Saura mu, masu motocin. Malamin jami'a, da ma'aikaciyar jinya, da akawun sakatariya, mu ne kasuwar wannan sana'a, kuma mai wuri yana sauraron wanda ke kawo masa kuɗi kowane mako. Ba sai an yi faɗa ko wa'azi ba. Ka dubi inda waya ta bi, ka dubi ƙafar yaron, ka tambayi mai wurin cikin mutunci: “Alhaji, akwai na'urar da ke yanke wuta idan ta ja mutum?” Idan ya ce bai san ta ba, ka rubuta masa sunanta da lambar 30mA a takarda. Idan mutum uku suka yi masa wannan tambaya cikin wata guda, zai nemi mai gyara. Wanda kuma ya sayi injin don gidansa, ya tuna cewa a nan shi ne mai wurin: kafin ya miƙa wa direba ko ɗan ƙanensa bindigar, ya kira mai gyaran wuta ya auna soket ɗin da za a jona ta.